Sanin abokin hulɗa a ƙasashen da suka bar tsarin gurguzu: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na masu son fahimtar yadda ciniki ke tafiya ne a Rasha, Yukren, Kazakistan, Polan, Jamhuriyar Cek da maƙwabtansu, ko don karatu ko don suna shirin saye da sayarwa da wani kamfani na can.

Waɗanne ƙasashe ake nufi, kuma me ya sa maganar sanin abokin hulɗa ta fi tsanani a can?

Rukuni biyu ne. Akwai ƙasashe 15 da suka fito daga Tarayyar Sobiyet bayan ta wargaje a watan Disamba na 1991, sannan akwai na gabashin Turai da suka yi watsi da gurguzu tun daga 1989, irin su Polan, Hangare, Romaniya da Bulgeriya. Dukkansu sun wayi gari da kasuwa a buɗe, alhali abubuwan da ke riƙe kasuwa ba su kafu ba: babu rajistar kamfanoni da za a dogara da ita, babu tarihin wanda ke biyan bashi da wanda ke cinyewa, bankuna sabbi ne, alƙalai kuma ba su saba yanke hukunci tsakanin 'yan kasuwa masu zaman kansu ba. Polan ta saki farashi a Janairun 1990 ƙarƙashin shirin Leszek Balcerowicz, Rasha kuma ranar 2 ga Janairun 1992 ƙarƙashin Yegor Gaidar. Doka ana iya rubuta ta cikin mako guda, amma kotun da jama'a za su yarda da ita sai ta ɗauki shekaru. A wannan tsakanin, wanda ka sani shi ne jinginarka.

Ai a zamanin gurguzu gwamnati ce ke raba komai. Ina sanayya ta shigo?

A takarda haka ne. Hukumar Gosplan ce ke tsara abin da kowace masana'anta za ta ƙera, Gossnab kuma ta raba kayan aiki. Amma kaya ba sa zuwa a kan lokaci, in sun zo ma ba sa cika. Manajan da ya zauna jiran rabon gwamnati ba zai cika adadin da aka ɗora masa ba, kuma shi za a tuhuma.

Saboda haka kusan kowace masana'anta tana da mutumin da ake kira tolkach, wato mai turawa. Aikinsa yawo ne. A ce masana'antar tarakta ta rasa ƙananan ƙarafan da ke juya ƙafa, saura kwana goma wata ya ƙare. Sai tolkach ya hau jirgin ƙasa zuwa garin da ake ƙera su, jakarsa ɗauke da kwalaben barasa da 'yan kayan da ke wuyar samu, ya sauka wajen wani tsohon sani a sashen fitar da kaya, ya yi kamun ƙafa har a ɗora kayansa a gaba da na wasu. Wata rana shi ma za a zo masa da irin wannan buƙata. Wannan musayar alfarma ita ce Rashawa ke kira blat. Ba kuɗi ake miƙawa hannu da hannu ba galibi. Bashin alheri ne da ake riƙewa a zuci. Da gurguzu ya faɗi, ma'aikatun da ke raba kaya sun ɓace, amma littafin lambobin waya na manaja da na tolkach yana nan, kuma shi ya zama jari na farko.

Da aka buɗe kasuwa, me ya sa tsofaffin alaƙoƙi ba su mutu ba?

Dalili na farko shi ne yadda aka gina masana'antun Sobiyet. Sau da yawa kaya iri ɗaya masana'anta ɗaya ko biyu ne kacal ke yin sa a duk faɗin tarayyar. Da iyakoki suka bayyana a 1991, sai mai ƙera inji a Yukren ya tarar cewa mai ba shi wani ɓangare yana wata ƙasa, da wani kuɗi daban, da kwastan a tsakani. Ba shi da wani zaɓi sai wannan tsohon abokin. Masana tattalin arziki Olivier Blanchard da Michael Kremer sun nuna a 1997 cewa tsinkewar irin wannan sarƙa na cikin abin da ya durƙusar da masana'antu, kuma waɗanda ke buƙatar ɓangarori masu yawa daga wurare daban-daban su suka fi shan wuya.

Dalili na biyu rashin kuɗi ne. A 1992 farashi a Rasha ya tashi da kusan kashi 2,500 cikin ɗari. Kamfanoni suka daina biyan juna, bashin da ke tsakaninsu ya haura rubul tiriliyan 3 zuwa tsakiyar shekarar. Daga nan aka koma ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. A 1998 kimanin rabin abin da masana'antun Rasha ke sayarwa ba da tsabar kuɗi ake biya ba. Misalin yadda abin ke tafiya: masana'antar bulo tana da bashin wuta, sai ta biya da bulo, kamfanin wuta ya miƙa bulon ga mahaƙar kwal da ke bin sa bashi, mahaƙar ta ba ɗan kwangilar gini, shi kuma ya biya ta da gyaran gidajen ma'aikata. Wani lokaci takardar alkawarin biya, wadda suke kira veksel, ita ke zagayawa a madadin kuɗi, darajarta kuma tana hawa ko sauka gwargwadon sunan wanda ya sa mata hannu. Sarƙa mai mutum biyar ko shida irin wannan ba ta ɗaurewa da baƙo, don mutum ɗaya ya saɓa, kowa ya tashi a tutar babu.

Sai aka ƙara da rikicin 17 ga Agustan 1998, lokacin da gwamnatin Rasha ta kasa biyan bashinta, rubul ya faɗi daga kusan 6 a kan dala zuwa sama da 20 cikin 'yan makonni, manyan bankuna suka rufe da kuɗin mutane. Wanda ya ga haka da idonsa, ba abin mamaki ba ne in ya fi yarda da fuska a kan takarda.

Akwai hujjar cewa sanayya na da amfani a ciniki, ko dai zancen baki ne?

Akwai. A 1997 Simon Johnson, John McMillan da Christopher Woodruff sun yi wa masu masana'antu masu zaman kansu tambayoyi a ƙasashe biyar: Polan, Sulobakiya, Romaniya, Rasha da Yukren. Ma'aunin amanar da suka ɗauka shi ne bayar da kaya bashi, tunda ba ka barin kayanka su fita ba kuɗi sai ga wanda kake da yaƙinin zai biya. Sun ga cewa bashin da ake ba mai saye yana ƙaruwa da daɗewar hulɗa, kuma wanda aka samu ta hanyar ɗan'uwa, aboki ko wani ɗan kasuwa yana samun bashi fiye da wanda ya faɗo daga sama.

Abu na biyu da suka gano shi ne ya fi ɗaukar hankali. Yarda da kotu ta fi tasiri a farkon hulɗa, wajen sabon mutum. In hulɗa ta daɗe, sanayya ce ke riƙe ta. Sun kuma tambayi manajoji ko za su koma wajen sabon mai kawo kaya in ya sauke farashi da kashi 10 cikin ɗari. Waɗanda suka yarda kotu na aiki sun fi amsawa da e. McMillan da Woodruff sun ga makamancin haka a Biyetnam, duk da cewa ita jam'iyyar gurguzu ce ke mulkinta har yau, kasuwa kawai ta buɗe tun 1986.

Wato kotu ba ta aiki ke nan?

Ba haka ba ne gaba ɗaya. Rasha tana da kotunan kasuwanci da ake kira arbitrazh tun farkon shekarun 1990, kuma kamfanoni na kai ƙara can da yawa, musamman kan bashi. Samun hukunci bai cika wuya ba. Karɓo kuɗin ne aiki: kafin a zartar, asusun wanda ake bi ya bushe, kadarorin sun koma sunan wani kamfani, ko hauhawar farashi ta cinye darajar bashin. Inda kotu ta fi rauni shi ne in ɗaya ɓangaren yana da uwa a gindin murhu.

Kuma kada a yi wa yankin kuɗin goro. Polan, Cek, Sulobakiya, Hangare, Sulobeniya da ƙasashen Baltik uku (Istoniya, Latbiya da Lituwaniya) sun shiga Tarayyar Turai a 2004, Romaniya da Bulgeriya a 2007. Hulɗa da kamfanin Istoniya a yau ta fi kama da hulɗa da na Finlan fiye da na Tajikistan.

Mece ce krysha da ake yawan ambata?

Kalmar Rashanci ce da ke nufin rufin ɗaki, ma'anarta a kasuwa kuma ɗaurin gindi. A shekarun 1990 gungun 'yan daba, tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa, daga baya har da jami'an tsaro, suna karɓar kaso daga ɗan kasuwa don su kare shi, su kuma karɓo masa bashi. In rigima ta taso tsakanin kamfanoni biyu, masu ɗaurin gindin ne ke zama su sasanta. A wancan binciken na 1997, kusan kashi 90 cikin ɗari na manajojin Rasha da Yukren sun ce kamfanoni irin nasu na biyan kuɗin kariya, a Polan kuwa bai kai kashi 10 ba. Abin ya ragu sosai a siffarsa ta 'yan daba. Haɗarinsa dai ɗaya ne ko da wa ke bayarwa: mai kare ka ya san sirrin cinikinka ciki da bai, kuma ranar da ya ga kamfanin ya yi ƙiba, shi ne ya fi kowa sanin ta inda za a ƙwace.

Mene ne illar dogaro da wanda ka sani kaɗai?

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Kamfanin da ba ya saye sai wajen tsohon aboki yana biyan tsada yana sane, yana karɓar kaya marasa inganci don kunya, sabon mai ƙwazo kuma ba ya samun ƙofar shiga. Wannan asara ba ta fitowa a littafin lissafi, shi ya sa ake raina ta.

Sannan sanayya takan zama makamin cuta. A rabon kamfanonin gwamnati na Rasha tsakanin 1992 da 1994, an ba kowane ɗan ƙasa takardar hannun jari ta rubul 10,000, amma yawancin masana'antu sun zaɓi tsarin da ya ba ma'aikata da manajoji kashi 51 cikin ɗari, daga baya manajojin suka saye na ma'aikata da araha. A Cek har kalma aka ƙirƙiro, tunelování, wato haƙa rami ta ƙarƙashi: manaja ya sayar da kayan kamfani da arha ga wani kamfanin da yake na matarsa ko abokinsa, riba ta zurare can, masu hannun jari su rage da kwanko.

Masu damfara ma ta hanyar sanayya suke yaɗuwa. MMM ta Sergei Mavrodi, mai biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi, ta rushe a Rasha a 1994, irinta kuma suka jefa Albaniya cikin tarzoma a 1997 har gwamnati ta faɗi. Wannan MMM ɗin ce ta ɓullo a Najeriya ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga ɗan'uwa ko abokin aiki ne ya kai su. Wanda ya gabatar maka da mutum yana iya zama mai gaskiya, shi ma an yaudare shi ne.

A yau ta yaya ake bincika kamfani kafin a ƙulla ciniki?

Nan ne zamani ya sauya ƙwarai, don yawancin bayanan suna intanet kyauta. Fara da neman lambar kamfanin, kada ka tsaya ga suna, saboda sunaye na maimaituwa kuma ɗan damfara kan ɗauki sunan da ya yi kama da na babban kamfani.

A Rasha lambar haraji ta kamfani, INN, tana da alƙaluma 10, lambar rajista, OGRN, tana da 13. Da ɗaya daga ciki za ka ciro bayanin kamfanin daga rajistar EGRUL a shafin hukumar haraji: ranar kafawa, adireshi, darakta, masu shi, da ko hukuma ta yi alamar cewa bayanan ba gaskiya ba ne. Daga nan ka duba kundin shari'o'in kotunan arbitrazh don ganin sau nawa aka kai shi ƙara kan bashi, ka duba Fedresurs don sanarwar karyewa, ka duba kundin masu zartar da hukunci don bashin da kotu ta tabbatar amma ba a biya ba. Masu son a haɗa musu duka wuri guda suna biyan kuɗi su yi amfani da SPARK ko Kontur.Focus. Musamman daga 2022, an ba wasu kamfanonin da takunkumi ya shafa damar ɓoye wasu bayanansu, don haka rashin ganin suna ba ya nufin babu komai.

A Polan rajistar kamfanoni ita ce KRS, ta masu sana'a su kaɗai kuma CEIDG. Akwai sashen da mutane ke tsallakewa a takardar KRS, wanda ke faɗin wa ke da ikon sa hannu. Kamfanoni da yawa sai 'yan hukumar gudanarwa biyu sun sa hannu tare, ko ɗaya tare da wakilin da aka yi wa rajista. In mutum ɗaya ya sa maka hannu a inda ake buƙatar biyu, kamfanin na iya cewa bai san zancen ba. Tun Satumbar 2019 kuma akwai jerin masu biyan harajin kaya da ke nuna lambar asusun bankin da kamfani ya yi wa rajista. Su 'yan Polan hukunci ke hawa kansu in suka tura sama da zuloti 15,000 zuwa asusun da ba ya cikin jerin. Kai baƙo kuwa hanya ce ta tabbatar cewa asusun da aka turo maka na kamfanin ne.

A Cek akwai rajistar kasuwanci, da ARES, wato shafin gwamnati na bayanan kamfanoni, da kundin waɗanda suka karye. A Yukren lambar kamfani mai alƙaluma 8 ce, ana bibiyarta ta YouControl ko Opendatabot. A Kazakistan lambar BIN ce mai alƙaluma 12.

Bayan takarda sai ido. A tura wani ya ga masana'antar ko rumbun, a nemi sunayen masu saye biyu ko uku a kira su, ta lambar da kai ka samo da kanka.

Waɗanne alamu ne ke nuna kamfanin bogi?

Rashawa na kiransu kamfanonin kwana ɗaya. An kafa shi watanni kaɗan da suka wuce amma yana tallan kaya na miliyoyin daloli. Adireshinsa ɗaki ne da kamfanoni da dama suka yi rajista da shi. Daraktan ɗan amshin shata ne, sunansa na kan wasu kamfanoni barkatai, bai san komai game da kayan ba. Babu ma'aikata, babu rumbu, harajin da yake biya bai taka kara ya karya ba. Jarin rajista kuwa kada ya ruɗe ka ko ya tsorata ka shi kaɗai: rubul 10,000 ya isa a kafa ƙaramin kamfani a Rasha, zuloti 5,000 a Polan, a Cek ma kurona 1 tun 2014.

Babbar alama ita ce a ce ka biya wani kamfani daban a wata ƙasa daban. Haka nan saƙon imel da ke cewa an canja asusu ana gab da biya. Kada a tura ko sisi sai an kira tsohuwar lambar da aka saba an ji daga bakin mutumin. A Rasha hukumar haraji kanta, bisa sashe na 54.1 na dokar haraji da aka ƙara a 2017, tana iya hana kamfani rangwame in ya yi hulɗa da na bogi, don haka abokin kirki ba zai ji haushi ba in ka nemi takardunsa. Ya saba.

Yaya ake gina amana da sabon kamfani ba tare da an yi cinikin biri a sama ba?

A hankali, kuma da kaya kaɗan. Mai fitar da riɗi, citta ko zoɓorodo daga Kano, ko mai shigo da alkama ko taki, ya fara da kwantena ɗaya da zai iya jure asararta. Ciniki na farko ya bi ta takardar lamuni ta banki, wadda wani banki na uku da ka yarda da shi ya tabbatar. In kuɗin bankin ya yi yawa, a raba biya: misali kashi 30 kafin alƙalami, kashi 70 in an ga takardun lodi. A sa kamfanin duba kaya irin SGS ko Bureau Veritas ya auna nauyi da inganci a tashar lodi, a rubuta a yarjejeniya cewa takardarsa ce hujja. Bayan ciniki uku ko huɗu lafiya sai a fara sassauci: kwana 15, sannan 30, tare da iyakar bashin da ba a wucewa ko da wa ya roƙa.

Zama a ci abinci tare yana da muhimmanci a Rasha, yankin Kokeshiya (Jojiya, Armeniya da Azarbaijan) da tsakiyar Asiya, kuma wanda ya ƙi zuwa gaisuwa ana ganin bai ɗauki abin da gaske ba. Sai dai alaƙar da mutum ake ƙulla ta, mutum kuma yana barin aiki. A san aƙalla mutum biyu ko uku a kamfanin, har da akanta, a kuma sake duba rajista duk bayan wata shida, don canjin darakta ko na masu kamfani yakan riga matsala zuwa.

Ya kamata a nemi abokin tarayya mai hanya a gwamnati?

Da ɗan gari akan ci gari, gaskiya ne, amma hanyarsa tasa ce, kuma yana iya juya ta kanka. BP, kamfanin man fetur na Birtaniya, ta kafa TNK-BP a 2003 da attajiran Rasha, kowa rabi. An samu riba mai yawa, amma da saɓani ya taso a 2008, ma'aikatan BP suka shiga matsalar biza da bincike iri-iri, har shugaban TNK-BP, Robert Dudley, ya bar ƙasar. A 2013 Rosneft, kamfanin man gwamnatin Rasha, ta saye TNK-BP. Rabi da rabi yana da daɗin ji, amma in an yi kunnen doki babu mai raba gardama sai wanda ya fi ƙarfi a gida. A rubuta tun farko yadda za a warware cijewa, da farashin da ɗaya zai sayi kason ɗaya.

A kuma kula da takardun asali da hatimi. A 2007 'yan sanda sun kwashe hatimai da takardun wasu kamfanoni uku na asusun zuba jari na Hermitage a Mosko, aka sauya musu masu shi, aka karɓo daga gwamnati harajin da suka riga suka biya, wanda ya kai dala miliyan 230, da sunansu. Sergei Magnitsky, wanda ya bi diddigin lamarin, ya mutu a tsare a Nuwambar 2009.

Ina takunkumi ya shigo cikin wannan lissafi?

Tun 2014, musamman daga 2022, sanin abokin hulɗa ya haɗa da sanin wanda ke bayansa. A ƙa'idar Baitulmalin Amurka, duk kamfanin da waɗanda aka sa wa takunkumi suka mallaki kashi 50 ko fiye na shi, jimilla, shi ma yana ciki ko da sunansa ba ya jerin. Tarayyar Turai kuma tana duba har wanda ke juya akalar kamfanin. Abinci da taki galibi an keɓe su, amma an cire wasu bankunan Rasha daga SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika kuɗi ta cikinsa, tun Maris na 2022, bankunan da ke tsakani kuma sukan riƙe kuɗi makonni ko su mayar da shi. Kafin a sa hannu, ka kai wa bankinka sunan kamfanin, na masu shi, na bankinsa da na jirgin ruwan, ka ji ko zai wuce.

Wace kotu za a rubuta a yarjejeniya?

Hukuncin masu sasanci na ƙasa da ƙasa ya fi sauƙin zartarwa a waje fiye da na kotun gida, saboda yarjejeniyar Niyok ta 1958, wadda Rasha, Yukren, Polan da Kazakistan ke ciki, haka ma Najeriya, Nijar da Gana. Tun zamanin Sobiyet cibiyar sasanci ta Istokhom, babban birnin Suwidin, ce aka saba zaɓa tsakanin gabas da yamma. Akwai kuma ta Biyana, Landan da Faris. Kazakistan ta buɗe kotun cibiyar hada-hadar kuɗi ta Astana a 2018, mai aiki da tsarin dokar Ingila. A Rasha kuwa wata doka ta 2020 ta ba wanda takunkumi ya shafa damar janyo shari'a zuwa kotun gida ko da yarjejeniya ta ce a je waje, don haka wannan sharaɗi ba ya da ƙarfin da yake da shi a da. In yarjejeniyar harshe biyu ce, a faɗi wanne ke rinjaye in fassara ta saɓa, a kuma fara tambayar inda kadarorin abokin hulɗar suke, tunda can za a je karɓar kuɗin.